Wa Zai Tsaya Maka? Lacca Kan Neman Gurbin Ƙwarewa a Tiyatar Gyaran Jiki



Mai girma shugaban taro, malamaina da ke zaune a sahun gaba, abokan aiki likitoci da malaman jinya, ƙannena da 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da yamma. Shugabannin ƙungiyarku sun nemi in yi magana a kan abubuwan da ke taimaka wa ɗalibin likitanci ya samu gurbin horon ƙwarewa a fannin tiyatar gyaran jiki. Na karɓi goron gayyatar hannu bibbiyu, saboda fanni ne da muke ƙarancin ma'aikata a cikinsa ƙwarai da gaske, kuma yawancinku 'yan makonni kawai za ku yi a sashensa kafin ku kammala karatu.

Akwai wata fahimta da ya kamata a gyara tun daga farko. Da an ambaci wannan fanni, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne taurarin fim masu rage hanci ko ƙara wani sashe na jiki. Wannan reshe yana nan, amma ƙarami ne, kuma ba daga nan fannin ya taso ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne wani likita mai suna Harold Gillies ya ga ana dawo da sojoji Ingila harsashi ya ɗebe musu muƙamuƙi ko hanci ko rabin fuska. A 1917 aka buɗe masa asibiti a Sidcup, inda shi da abokan aikinsa suka yi wa fiye da mutum 5,000 aiki. Joseph Murray kuwa, wanda ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Boston a 1954, har ya samu lambar Nobel a 1990, likitan wannan fanni ne. Dashen fata ga sojojin da suka ƙone shi ya fara sa shi tunanin dalilin da ke sa jiki ya karɓi wani nama ya ƙi wani.

Mu a nan, me ke shigo mana? Yaron da ya faɗa kaskon wuta da hunturu. Matar da man suya ya malale mata a cinya. Mutanen da gobarar tankar mai ta rutsa da su, irin wadda ta auku a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu. Ana ƙirga waɗanda suka mutu a labarai, amma wanda ya tsira shi ne namu: watanni yana kwance ana wankin ciwo ana dashen fata, idan kuma ba a kula ba tabon ya ɗame, haɓa ta manne da ƙirji, yatsu su dunƙule. Ga hannun da injin niƙa ya tauna, ga ƙafar ɗan acaɓa ƙashi a fili babu naman rufewa, ga gyambon ciwon sukari, ga jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagewar ganɗa. Sannan ga cutar noma, mai cinye kunci da leɓen yaran da yunwa ta raunana. Asibitin yara masu wannan cuta da ke Sakkwato tun 1999 yake aiki, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana tallafa masa tun 2014. A Damagaram ma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disamba na 2023. Duk yaron da ya tsira daga wannan cuta da rami a fuska, likitan gyaran jiki yake jira.

Na san wasunku idan suka koma gida suka ce wannan fanni suke so, mahaifi zai tambaya ko ba canza halittar Allah ba ne. Tambaya ce mai kyau, kada ku yi mata gatse. Ku tuna masa labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta bambance tsakanin gyaran aibi da cutarwa, wanda ta halatta, da sauya lafiyayyar halitta don son rai. Mafi yawan aikin da ke gabanmu a kashi na farko yake.

To, yaya ake shiga?

Zan ɗan daɗe a kan Amurka, don can ne aka fi tattara alƙaluma, kuma na san da yawanku kuna karanta labarinsu a waya har gabanku yana faɗuwa. A can ɗalibi yana iya shiga wannan fanni kai tsaye daga makarantar likitanci, ya yi horon shekara 6. Guraben wannan hanya a duk ƙasar, mai mutane sama da miliyan 330, ba su wuce 200 da 'yan kai ba a shekara. Wata hukuma mai suna NRMP, wadda aka kafa a 1952, ita ke haɗa ɗalibai da asibitoci: ɗalibi ya jera asibitocin da yake so, asibiti ya jera ɗaliban da yake so, kwamfuta ta daidaita, a sanar da sakamako a watan Maris. Bisa rahoton hukumar na 2022, cikin ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun Amurka da suka fifita wannan fanni, fiye da ɗaya cikin uku bai samu ba. Waɗanda suka samu kuwa, matsakaicin abin da kowannensu ya lissafa na maƙalu da taƙaitattun bincike da gabatarwa a taruka ya kai 28. Ɗalibi ne fa, bai ko karɓi takardar shaidar zama likita ba.

Tseren kuma bai tsaya nan ba. Da can makin jarrabawar lasisin likita ta USMLE ta matakin farko shi ne rariyar da ake tace masu nema da ita. Daga watan Janairun 2022 aka daina ba da maki a wannan jarrabawa, sai dai a ce ka ci ko ka faɗi. Nauyin sai ya koma kan jarrabawar mataki na biyu, da yawan bincike, da wasiƙun shaida. Ɗalibai da dama suna dakatar da karatu shekara guda don bincike kawai. Sannan a ajin ƙarshe suna zuwa wasu asibitoci su yi mako huɗu-huɗu suna aiki tare da sashen da suke fatan shiga, da kuɗin aljihunsu na haya da jirgi. Abin lura shi ne, kaso mai tsoka na masu samun gurbi, a asibitin makarantarsu suke samu ko a ɗaya daga cikin wuraren da suka je suka yi wannan wata guda. Wato bayan duk tarin takardu, masu zaɓe suna komawa ga wanda suka gani da idonsu yana aiki.

Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe daga labarin Amurka. Tseren maƙala 28 kuwa ban ga abin koyi a cikinsa ba. Aiki guda ake yankawa gida huɗu a ƙirga shi sau huɗu, kuma tsarin yana fifita mai kuɗin da zai iya zama shekara guda babu albashi. Wanda kuma ke mafarkin tafiya can daga nan, in gaya masa gaskiya: guraben shiga kai tsaye da ke faɗawa hannun waɗanda suka yi karatu a wajen Amurka 'yan ƙalilan ne, kuma galibi sai bayan shekaru na bincike a can. Hanya ta biyu ita ce a gama horon tiyata na gama-gari na shekara 5, sannan a nemi ƙarin shekara 3 a gyaran jiki. Mai niyya ya san tsawon tafiyar kafin ya ɗaura takalmi.

Tamu hanyar daban take. Bayan shekara 6 na karatu, sai shekarar sanin makamar aiki, sai cikakkiyar rajista da hukumar likitoci ta MDCN, sai bautar ƙasa. Daga nan sai jarrabawar share fage ta ɗaya daga kwalejoji biyu: Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Da wannan sakamako kake neman aiki a asibitin koyarwa idan ya tallata gurabe. Idan aka ɗauke ka, a matsayin mai koyon tiyata gaba ɗaya aka ɗauke ka, za ka zagaya sassan ƙashi da mafitsara da tiyatar yara da sauransu, ka ci jarrabawar kashi na ɗaya, sannan ka nemi sashen gyaran jiki ya karɓe ka don horo na sama, wanda ke ƙarewa da kundin bincike da jarrabawar kashi na biyu. Kun ga ke nan sau biyu ake zaɓenku. A zaɓe na biyu kuwa babu kwamfuta. Manyan likitoci biyu ko uku ne za su zauna su ce, wane muna son sa, wane kuma a bar shi tukuna.

Jarrabawar share fage ba ta buƙatar dogon bayani. Anatomi ce da fiziyoloji da fatoloji, ana yin ta sau biyu a shekara, kuma tana yin wuya gwargwadon nisanku da aji biyu da aji uku. Ku rubuta ta da wuri, tun kanku bai huce ba. Sai dai anatomi a wannan fanni ba ta ƙarewa da jarrabawa. Duk lokacin da za mu ɗauko fata da tsoka daga wani wuri mu rufe wani, tambayar ita ce wace jijiyar jini ke ciyar da wannan yanki, ta ina ta shigo, kuma iya ina za ta kai. Ian Taylor na Melbourne ya wallafa taswirar waɗannan yankuna a 1987, ya kasa jiki zuwa yankuna 40, kowanne da jijiyarsa. Ɗalibin da ya raina ɗakin gawa a aji biyu zai biya bashin nan gaba.

Kafin ku nemi asibiti, ku bincika ko kwalejojin sun amince da sashensa na gyaran jiki, kuma amincewar cikakkiya ce ko ta wani ɓangare. Idan ta ɓangare ce, dole a tura ku wani wuri ku cike, kamar asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Enugu ko Igbobi a Legas, waɗanda suka daɗe da suna a wannan aiki. Ku tambayi manyan likitoci nawa ne a sashen, ranakun tiyata nawa suke da su a mako, da ko akwai ɗakin masu ƙuna na musamman.

Yanzu ga gundarin maganata. Abin da ya fi komai buɗe wannan ƙofa shi ne samun babban likitan da ya ga aikinka har zai iya tsaya maka. Ina so in bambanta wannan da alfarma. Alfarma ita ce a buga waya a ce ɗan wane ne a duba shi. Tana faruwa, ba na musu, amma ba ta riƙe wuƙa a ɗakin tiyata, kuma wanda ya shigo ta wannan hanya kowa a sashen ya sani. Shaida kuwa ita ce mutum ya sa sunansa da mutuncinsa ya ce: na san wannan yarinya, ranar da aka kawo mana mutum bakwai da ƙuna cikin dare ita ta ƙirga ruwan kowannensu, da asuba na same ta tana auna fitsarinsu. Wasiƙar da ke ɗauke da irin wannan jimla ta fi goma masu cewa ɗalibi ne mai ladabi da ƙwazo. Mu da ke karanta wasiƙun nan muna gane wadda aka rubuta don an san mutum da wadda aka rubuta don a rabu da shi.

Ta yaya za a san ka? A nan tarbiyyarmu takan ɗan ja mu baya. An koya mana kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau, amma ɗalibinmu sai ya gaida malami ya rusuna ya wuce, shekara uku malamin bai san sunansa ba. Babu rashin ladabi a cikin ka tsaya bayan zagayen duba majinyata ka ce, "Ranka ya daɗe, ina sha'awar wannan fanni, ko za a ba ni izini in riƙa zuwa ranar tiyatarku?" Malami kan ji daɗin wannan tambaya fiye da yadda kuke zato, domin shi ma magaji yake nema. Amma idan ka faɗa, to ka zo. Ka zo kafin a fara, ka karanta fayil ɗin mai jinyar tun daren jiya, ka san abin da za a yi masa da dalili. Yaron tela ba a fara ba shi yankan shadda. Maɓalli yake sawa, guga yake yi, maigidan kuma yana kallon yadda yake riƙe allura. Haka za ka yi watanni kana riƙe ƙugiya kana yanke zare, kafin wata rana a miƙo maka abin ɗinki.

Kuma ku sani ba babban likita kaɗai ke kallonku ba. Sistar da ke kula da ɗakin masu ƙuna ta fi kowa sanin wanda ke tsayawa wankin ciwo har a gama, da wanda ke sulalewa idan wari ya tashi ko yaro ya fara kuka. Ita ta san wanda ke tambaya ko an ba da maganin zafi kafin a buɗe bandeji. Idan lokacin zaɓe ya yi, ana tambayarta, kuma maganarta tana da nauyi.

Bincike yana da muhimmanci, amma ku yi irin namu. Arzikinmu shi ne marasa lafiya da ba a rubuta labarinsu ba. Ka nemi izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, ka ɗauki rajistar ɗakin masu ƙuna, ka duba shekara uku: su wa ke zuwa, a wane wata, me ya ƙone su, bayan awa nawa suka iso, me aka shafa musu a gida kafin a kawo su, nawa suka sa hannu suka tafi saboda kuɗi sun ƙare. Wannan aiki ɗalibin aji biyar zai iya yin sa, kuma amfaninsa ya fi na maƙalu da yawa da na gani. Ka gabatar da shi a taron sashe, in ya yi kyau a kai shi taron ƙungiyar likitocin gyaran jiki ta ƙasa, NAPRAS. Aiki ɗaya da ka fara ka gama, kake iya kare kowace lamba a cikinsa, ya isa ya bambanta ka. Ku guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda, kuma kada ku yarda a sa sunanku a aikin da ba ku yi ba, don a wurin ganawa za a tambaye ku shi. Sannan batun hoto: fanninmu na hoto ne, kafin aiki da bayan aiki, amma fuskar majinyaci amana ce. Babu ɗauka sai da izininsa, babu sakawa a WhatsApp ko Facebook. Ɗalibin da aka kama da wannan ya rufe wa kansa ƙofa.

Hannu kuma ana horar da shi. Ku nemi ragowar zare da ya wuce wa'adi daga ɗakin tiyata, ku sayi ƙafar saniya ko fatar kaza a kasuwa, ku yi ta ɗinki har ƙullin ya zauna ba tare da tunani ba. Kwas ɗin koyon dabarun tiyata na farko da kwalejoji ke shiryawa yana da amfani, ku yi shi da zarar hali ya samu.

A ranar ganawa ba a neman ku san tiyatar da ake yi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Abin da ake so a ji shi ne ko za a iya barin ku da mai ƙuna a daren farko. Za a ce: mutum mai nauyin kilo 60 ya ƙone kashi 30 cikin ɗari na jikinsa, ruwa nawa za ka ba shi? Lissafin Parkland ya ce mililita 4 sau nauyi sau kason ƙuna, wato 7,200 a awa 24, rabi a cikin awa 8 na farko. Kowa na iya haddace wannan. Wanda ya zauna a ɗakin shi ne zai ƙara da cewa ana ƙirga awannin daga lokacin da wutar ta ci shi, ba daga isowarsa asibiti ba, kuma mutanenmu sukan iso daga ƙauye bayan awa biyar ko fiye. Shi ne zai ce lissafin mafari ne kawai, fitsarin da ake gani kowace awa shi ke nuna a ƙara ko a rage, kuma ma'aunin tara-tara da ake ƙiyasta kason ƙunar manya da shi ba ya dacewa da yaro saboda girman kansa. Idan aka tambaye ku dalilin zaɓen fannin, ku kawo majinyacin da kuka bi tun shigowarsa har sallama. Idan ba ku san amsa ba, ku ce ba ku sani ba. Mai ƙirƙirar amsa a gaban malamai zai ƙirƙiri sakamakon gwajin jini da ƙarfe uku na dare, kuma wannan muke tsoro.

'Yan'uwana mata, za a gaya muku horon yana da tsawo, ga aure ga haihuwa. Tsawon gaskiya ne. Amma mata suna gama shi, kuma muna buƙatarku. Akwai matar da ta ƙone a ƙirji ko aka cire mata nono, wadda ba za ta buɗe jikinta ta faɗi abin da ke damunta ba sai ga mace. Ku yi maganar nan da wanda zai aure ku da iyayenku tun da wuri, ku kuma nemi wadda ta riga ku bin hanyar, ko da a wani gari take.

Wanda ya nema bai samu ba a karon farko, kada ya yi nisa. Wani lokaci laifin ba nasa ba ne. Asibiti kan yi shekara bai samu izinin ɗaukar ma'aikata ba. Ya nemi aikin likita a sashen tiyata ko na haɗari da gaggawa, ya ci gaba da zuwa taron sashe, ya bincika ko gwamnatin jiharsa za ta ɗauki nauyinsa ya shiga a matsayin wanda aka turo horo. Ya kuma koma wurin waɗanda suka gana da shi ya tambayi inda ya gaza.

Magana ta ƙarshe ga malamai 'yan'uwana ce. Duk abin da na faɗa ba zai yiwu ba idan ƙofofinmu a rufe suke. Ina roƙon kowane sashe ya riƙa liƙa jerin tiyatar mako inda ɗalibai za su gani, a ware wa ɗalibi ɗaya ko biyu gurbin wanke hannu su shiga tiyata a kowace ranar aiki, kuma kowane babban likita ya ɗauki ɗalibi guda a shekara ya ba shi ƙaramin bincike ya bi shi har ya gama. Shugaban taro ya ce akwai lokacin tambayoyi, ina sauraronku.